Culver: ɗan rakiyar da bai isa gida ba

Uwargida, ko kin san hanyar da gyaɗar ƙasar Haɗeja ke bi a zamanin Yaƙin Hitila? Jakuna da raƙuma ke kai buhuna tashar Malam Madori, a kan layin dogon da ya isa Nguru a 1930. Daga nan sai Kano, sai Ikko, sai a loda wa jiragen ruwa masu zuwa Ingila.

To amma teku ba lafiya a lokacin. Jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suna kwanton ɓauna, duk jirgin kayan da ya fita shi kaɗai ya sayar da ransa. Shi ya sa jiragen kan taru a Freetown ta ƙasar Saliyo, su ɗunguma a ayari kamar fatake, ɗauke da gyaɗa da manja da koko da kuza. Jiragen yaƙi kuma su sa su a tsakiya har Liverpool, tafiyar kusan mako uku.

Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar nan shi ne HMS Culver. A Amurka aka ƙera shi a 1928, sunansa na farko Mendota, aikinsa gadin gaɓar teku. A watan Afrilun 1941 Amurka ta ba Ingila aronsa tare da 'yan uwansa tara, aka sauya masa suna, aka ɗora shi kan wannan hanya.

Ko shekara bai cika ba. Daren 31 ga Janairun 1942, yana rakiyar ayari mai lamba SL 98 kudu maso yammacin Ailan, jirgin Jamus U-105 ya harbe shi sau biyu. Ya fashe, ya nutse cikin ƙasa da minti ɗaya. Sama da mutum 120 suka tafi da shi.

Mu da muka saba da ruwan fadamar Baturiya, da wuya mu gane irin sanyin wancan teku a watan Janairu. Da mutum ya faɗa, numfashi ke fara ƙwace masa, cikin 'yan mintuna hannu da ƙafa su sandare, ko da gwanin iyo ne. Mutum 13 kacal suka tsira, su ma don akwai wani ɗan rakiyar a kusa, HMS Londonderry, wanda ya tsamo su.

Wannan ne ya sa na kawo miki labarin. Ba a son sakin ayari da ɗan rakiya guda, domin shi ma ba a ba shi tabbacin isa ba. A ɗakin yara na asibiti, musamman da damina in zazzaɓin sauro ya yi ƙamari, nakan ga uwa ta kwana uku a zaune kan tabarma, ba barci ba abincin kirki, jikinta zafi rau amma ta ɓoye. Ranar da za a sallami yaro, ita ake ba gado.

Idan jinya ta same ki, nemi wadda za ku yi karɓa-karɓa tun ranar farko, ko ƙanwa ko kishiya ko maƙwabciya. Ki ci, ki sha ruwa, ki shiga gidan sauro. In kin ji jikinki ba daidai ba, gaya mana a gwada ki. In kuma maƙwabciyarki ce a asibiti, kada ki tsaya kan "Allah ya ƙara sauƙi" ta waya. Je ki karɓe ta ko da dare ɗaya ne.