Inda Mashayi Zai Samu Waɗanda Suka Riga Shi Dainawa

A ƙasar Hausa mutumin da giya ta kama ba ya iya buɗe baki ya nemi taimako. Tun da jihohi 12 na Arewa suka rungumi shari'ar Musulunci a wajajen 2000, kuma Hisba ta shiga farfasa kwalabe a Kano, shan ya ƙara shigewa ƙurya: a Sabon Gari da daddare, a gidan burkutu na bayan gari, ko 'yar leda a aljihu. Iyali kuma kan rufe maganar don gudun abin kunya, har sai hanta ta lalace ko aure ya mutu.

Dabarar da ta fi yaɗuwa a duniya wajen fita daga wannan hali ta faro ne a Amurka. A 1935, a garin Akron na jihar Ohio, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya zauna da wani likitan tiyata, Bob Smith, dukansu giya ta gama da su. Suka lura cewa idan mashayi ya faɗa wa ɗan'uwansa mashayi gaskiyar halinsa, ƙishirwar kan lafa. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA, ta samo asali, yau kuma tana cikin ƙasashe kusan 180.

Zaman AA ba shi da wata ƙawa. Mutane ne za su zauna kamar awa ɗaya, kowa ya faɗi sunansa na fari kawai, ya ba da labarinsa, sauran su saurara ba katsalandan, ba wa'azi. Ba kuɗin rajista, ba takardar cikawa. Sharaɗi ɗaya ne, mutum ya kasance yana son dainawa. Wanda bai shirya magana ba sai ya yi shiru ya ji. Akwai zaman da kowa ke iya shiga, har dangi, akwai kuma na masu matsalar su kaɗai. Sabon shiga kan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama madogararsa, wanda zai buga wa waya ko da tsakar dare ne idan zuciya ta fara raya masa. Ba a ce masa ya yi alkawarin har abada, ana ce masa ya riƙe yau kawai. Wani babban nazari na cibiyar Cochrane a 2020, da ya tattara bincike 27, ya nuna wannan hanya na kamo sauran hanyoyin jinya, har ta kan zarce su wajen barin sha ɗungurum.

AA na da matakai 12 da mai son dainawa ke bi, kuma suna ambaton dogaro ga Ubangiji ba tare da ɗaure kowa da wani addini ba. Musulmin birnin Baltimore na Amurka sun kafa nasu tsarin, Millati Islami, a 1989, sun ɗora matakan a kan tuba da salla. A nan zan ce wa masu saurin tsinuwa su tuna ruwayar Bukhari game da sahabin da aka sha yi wa haddin giya: da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin na ƙaunar Allah da Manzonsa.

To, a ina ake samun zaman? A Najeriya tarukan AA ba su da yawa, akasarinsu a manyan birane ne irin su Legas da Abuja. A Arewa ƙofar da ta fi kusa ita ce asibiti: na masu taɓin hankali da ke Barnawa a Kaduna, wanda ke da sashen jinyar masu shaye-shaye, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. A tambayi likita ko ma'aikacin jinya ko suna haɗa marasa lafiya zaman rukuni bayan sallama. Ofisoshin NDLEA na jihohi ma suna da sashen ba da shawara. Tun zamanin korona kuma tarukan AA suka cika Zoom dare da rana, mutum na iya shiga da wayarsa ya kashe kyamara, sai dai yawancinsu da Turanci ne, wasu da Faransanci ko Larabci. Inda babu komai, ƙa'idar ƙungiyar ta yarda mutum biyu ko uku masu son dainawa su kafa nasu. Mata da 'ya'yan mashayi su ma suna da tasu ƙungiyar, Al-Anon, tun 1951.

A yi hattara da gidan mari. Samamen da 'yan sanda suka kai wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, ya isa darasi. Duk wurin da ake kulle mutum, ko a dake shi, ko a tona asirinsa, ba shi ne abin da ake magana a kai ba.

Kuma zaman ba ya maye gurbin likita. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, idan ya yanke lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai fara karkarwa, gumi ya karyo. Wasu kan yi farfaɗiya, a kwana na 2 ko na 3 kuma su ruɗe, su riƙa ganin abin da babu, har gida a ɗauka iskokai ne. Wannan ruɗewa na kisa. Irin wannan mutum asibiti zai fara zuwa, a ba shi maganin da zai sauko da jikinsa a hankali tare da bitamin B1, kwanaki kaɗan bayan nan ya nemi zaman.