Faifan Al'ada Na Mata, Bayani Ga Hakimai Da Malamansu A Ƙasar Kadawa

An rubuta wannan takarda ne domin Hakiman Kura da Bunkure da Garun Malam, da malamansu masu riƙe da alƙalami, da Dagatai da Masu Unguwa waɗanda a ke karanta wa takardun Gwamnati. Maganar da ke cikinta maganar mata ce, irin wadda ba a saba ɗauko ta a zaure ba, saboda haka muna neman gafara tun da farko. Amma wanda aka ba amanar ƙasa, an ba shi amanar mazanta da matanta duka. Abin da ke samun matan ƙasarsa kwana 5 ko 6 a kowane wata bai kamata ya ɓoyu gare shi ba.

Dalilin rubuta ta shi ne, akwai wani sabon abu da mata ke amfani da shi a ƙasashen duniya lokacin al'ada, wanda mu ka sa wa suna faifan al'ada saboda siffarsa. Ana tallarsa ta intanet, abin da ya shiga wayar hannu kuwa ba ya daɗewa bai iso ƙauye ba. Gara shugabanni su san gaskiyarsa kafin jita-jita ta riga su.

Halin da matanmu ke ciki

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin shekara ta 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke biyowa ta Ruwan Kanya ya shiga kanal-kanal na Kadawa, aikin gona ba ya yankewa rani da damina. Mata suna da hannu cikin wannan arziki. Su ne ke tsinkar tumatirin da a ke lodinsa a Kwanar Gafan, su ne ke turara shinkafa a Kura. Wadda ta fita ƙwadago da sassafe ba ta komawa gida sai la'asar, a fili ta ke wuni, babu banɗaki, babu inda za ta fake ta gyara jikinta. Idan al'ada ta zo mata, ko dai ta zauna gida ta rasa kuɗin ranar, ko ta tafi ta wuni cikin damuwa. Haka kuma 'yar makaranta ta kan ƙi zuwa aji don tsoron kada jini ya ɓata mata tufa a gaban 'yan'uwanta.

Abubuwa 3 aka sani don wannan lalura. Na farko shi ne ƙunzugu, watau tsumman da iyayenmu mata su ka gada. Ba shi da laifi idan an wanke shi da sabulu, an shanya shi a rana ya bushe sarai. Sai dai kunya ta kan sa a shanya shi a ɗaki, bayan gado, a sāke ɗaura shi da danshi, daga nan ƙaiƙayi da sauran cututtuka ke samun hanya.

Na biyu shi ne audugar mata ta kanti. Tana da tsabta, amma sau ɗaya a ke amfani da ita, kuma akwai leda a jikinta wadda ba ta ruɓewa. Idan an jefa ta a masai sai ta cika shi da wuri, idan iska ko ruwa ya kai ta kanal sai ta haɗu da sauran shara ta toshe ƙananan ƙofofin ruwa da kwalbatoci. A shekara ta 2020 Gwamnatin Tarayya ta ɗauke harajin sayen kaya daga audugar da a ke yi a cikin ƙasa, duk da haka kuɗinta na kowane wata nauyi ne a kan talaka.

Na uku shi ne audugar cusawa, wadda wani likitan Amurka, Earle Haas, ya sami takardar mallakar ƙirarta cikin 1933. Ba ta yaɗu a ƙasarmu ba, tana da tsada, kuma tilas a sāke ta bayan awa 4 zuwa 8.

Ga lissafi mai sauƙi ga malaman Hakimi. Mace ta kan ga al'ada kamar sau 13 a shekara. Idan kowace ta yi kwana 5, an sami kwana 65. Idan tana sāke auduga sau 3 a rana, an sami auduga 195 a shekara ga mace guda. Malam ya tambayi kuɗin ƙunshi ɗaya a kasuwar Kura, ya buga da yawan matan gida guda, zai ga buhun shinkafa nawa ke tafiya a nan.

Mene ne faifan al'ada

Shi wani ɗan abu ne kewayayye, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, an yi shi da roba mai laushi irin ta asibiti da a ke kira silikon. Bakinsa yana da ɗan kauri kamar bakin faifai, tsakiyarsa kuwa marar kauri ce, ta lotsa kamar 'yar jaka. Ba ya shan jini kamar auduga, tara shi ya ke yi har a zubar.

Yana da wa, watau ƙoƙon al'ada, wanda wata mace Ba'amurkiya, Leona Chalmers, ta sami takardar mallakarsa cikin 1937. Ƙoƙon yana zama a ƙasa ne, yana kama jiki ta hanyar zuƙar iska. Faifan kuwa yana zama a can sama, ƙarƙashin bakin mahaifa, gefensa na gaba ya tokare a bayan ƙashin mara. An fara sayar da na yarwa a Amurka cikin 1996. Wanda a ke wankewa a sāke amfani da shi bai yaɗu ba sai wajen 2018, shi ne kuma wanda mu ke magana a kansa, gama guda ɗaya ya kan yi shekaru idan an kula da shi.

Yadda a ke amfani da shi aikin ungozoma ne da malaman asibiti mata su koyar, amma ga shi a taƙaice. Mace za ta wanke hannu da sabulu, ta matse faifan ya tsuke, ta sa shi, ta ɗaga gefen gaba ya tokare. Idan ya zauna daidai ba ta jin sa, tana iya sunkuyo da ɗaukar kaya da tafiya mai nisa. Zai iya kai awa 12, amma kada ya wuce haka. Sa'an nan ta sāke wanke hannu, ta jawo shi a hankali, ta zubar a masai, ta wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu marar turare, ta mayar. Idan al'ada ta ɗauke, a tafasa shi minti 5 zuwa 10 cikin wata 'yar tukunya da aka ware masa, a bar shi ya bushe, a ajiye cikin jakar ƙyalle. Ba ya ɓata a cikin jiki, domin bakin mahaifa ya fi ƙarfin ya wuce ta nan.

Abin da masana su ka gano

Cikin 2023 likitocin wata jami'a a Oregon ta Amurka sun gwada kayan al'ada iri 21 da jini na gaske. Sun tarar faifai ya fi kowanne ɗauka, a matsakaici mililita 61, watau kimanin cokalin cin abinci 4. Auduga da ƙoƙo kuwa tsakanin 20 da 50 su ka ɗauka. Abin da mace ke zubarwa a al'ada guda yawanci bai wuce mililita 80 ba. Ashe ke nan wadda ta sa faifai da asuba a gida tana iya gama aikinta a gona ta dawo ba ta taɓa shi ba. Babban amfaninsa ga matan Kadawa ke nan.

Cikin 2019 kuma masana na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila sun tattara bincike 43 da aka yi a kan ƙoƙon al'ada, wanda ya shafi mata fiye da 3,000 a ƙasashe dabam dabam. Sun tarar ba ya yoyo fiye da auduga, bai ƙara kawo cuta ba, kuma kimanin 7 cikin 10 na matan da su ka gwada sun so su ci gaba da shi. Sun kuma lura da cewa sai an koya wa mace, ta yi wata 2 ko 3 tana gwadawa, sa'an nan hannunta ya faɗa. A lura, yawancin wannan bincike a kan ƙoƙo aka yi shi, faifai ƙane ne da ya zo daga baya.

Sharaɗinsa ruwa mai tsabta

A nan ne ƙasar Kadawa ke bukatar kula ta musamman. Ruwa yana ko'ina, amma ruwan kanal ba na wanke faifai ba ne, ba kuma na wanke ƙunzugu ba. Banda ƙazanta da maganin feshi da ke gangarowa cikinsa, akwai katantanwa mai ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke huda fatar wanda ya shiga ruwan. Mutane sun san tsargiya da fitsarin jini na yara maza. Abin da ba a cika sani ba shi ne tana kama mata, ƙwanta ya zauna a mahaifa da hanyarta, ya kawo ciwon mara da zubar jini ba lokacin al'ada ba. Mace ta kan ɗauka al'adarta ce ta rikice, ta yi shekaru tana fama. Maganinta yana asibiti, sunansa farazikwantal. A yi amfani da ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse, in babu, a tafasa wanda a ke da shi.

Akwai kuma wata cuta mai haɗari, ko da ya ke ba ta da yawa, wadda ke samuwa idan an bar abu ya daɗe a jiki har ƙwayoyin cuta su ka saki dafi cikin jini. Cikin 1980 ta kashe mata da dama a Amurka saboda wata irin audugar cusawa mai shan jini ƙwarai. Alamunta zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da amai, da gudawa, da jiri. Wadda ta ga haka ta cire faifan nan take, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba.

Waɗanda bai dace da su ba

Mai jego kada ta sa faifai a kan jinin biki, sai ta yi arba'in, ma'aikaciyar asibiti ta duba ta. Wadda aka sa wa robar tazarar haihuwa a mahaifa ta fara yin shawara da asibiti, don kada robar ta biyo faifan. Mai yoyon fitsari, da wadda aka yi wa aiki kwanan nan, da mai ciwon sanyi, su nemi magani tukuna. 'Yan mata waɗanda ba su yi aure ba kuwa, shawararmu ita ce a bar su da auduga, ko audugar ƙyalle wadda a ke ɗinkawa a wanke, wadda telolinmu mata za su iya koyon ɗinkinta. A fara da matan aure da su ka haihu, su ne abin zai fi yi wa sauƙi.

Ta fuskar addini

Malamanmu sun fi mu sani, gare su za a koma. Abin da za mu tunatar shi ne, sa auduga don tare jini ko duba tsarki tsohon abu ne da ya zo cikin hadisai da littattafan fiƙihu. Faifai ba ya sāke hukuncin haila ko kaɗan. Wadda ta sa shi tana cikin haila ko da ba a ga jini a tufarta ba. Ba ta salla, ba ta azumi, mijinta ba ya kusantarta, sai jini ya ɗauke ta yi wanka. Mun faɗi wannan ne domin waɗansu masu talla a ƙasashen waje suna yabon faifai da cewa ba ya hana kwanciyar aure. Lalle a gargaɗi jama'a kada su ruɗu da wannan.

Abin da a ke roƙon Hakimai

1. A kira ungozomomi da ma'aikatan asibiti mata na gunduma, a karanta musu wannan takarda, a bar su su kai maganar cikin gidaje da makarantun Islamiyya na matan aure. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

2. A sanar da Limamai da malaman gari tun kafin abin ya shigo, don a ji ta bakinsu.

3. Malamin Hakimi ya rubuta sunayen makarantu da kasuwanni da manyan gonaki waɗanda ba su da masai mai ƙofa da ruwa, a aika wa Ƙaramar Hukuma. A kuma yi wa masu gonakin da ke ɗaukar mata ƙwadago magana su kafa ko da ɗan zagaye na zana da buta.

4. A hana wanki da zubar da shara a kanal, a kuma gyara burtsatsen da su ka lalace.

5. A faɗa wa jama'a kada su sayi faifan da ba shi da lambar hukumar NAFDAC, kada kuma mata biyu su yi tarayya a guda ɗaya, ko da ya da ƙanwa ne.

6. A ja hankalin magidanta cewa kayan tsabtar iyali suna cikin abin da maigida ke ɗauka, kamar hatsi da sabulu.

7. Kada a tilasta wa kowa. Wadda ta ga ƙunzugunta ya ishe ta, a koya mata shanya shi a rana, an yi mata taimako babba.

Ranar 28 ga watan Mayu ta kowace shekara, tun 2014, ita ce ranar da duniya ta keɓe don tsabtar al'ada. Hakimin da ya sa aka tara matan gundumarsa a wannan rana, ƙarƙashin ungozoma da malama, aka kuma samar musu da ruwa mai kyau kusa da gida, ya yi aikin da za a daɗe ana sa masa albarka.