FASHIN BAƘI: Yadda tauraruwar jitar Dean ta dushe, da dalilin da ya sa tallan jiya ya daina cin kasuwa

A watan Maris na 2025, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci a wata kotun tarayya da ke jihar Texas ta Amurka suka sake samun kamfanin Armadillo, mamallakin jitar Dean, da laifin kwaikwayon siffofin jita waɗanda kamfanin Gibson ya yi wa rajista. Karo na biyu ke nan cikin shekara uku da shari'ar ta juya wa Dean baya.

Ga wanda bai san harkar ba, wannan rigima ce kawai a kan yadda ake yanka katako. Ga Dean kuwa, magana ce ta rayuwa, domin da waɗannan siffofi duniya ta san shi. Hukuncin ya zo ne bayan kamfanin ya rabu da manyan sunaye biyu da ya fi jingina da su, a daidai lokacin da masu sayen jita suka sauya, hanyar tallata musu kaya ita ma ta sauya. Labarin Dean labari ne na kamfanin da ya gina sunansa a kan abubuwan da wasu ke iƙirarin nasu ne, kuma masu kayan suka waiwayo kusan a lokaci guda.

Me ya sa siffar jita take da muhimmanci a kiɗan metal?

Hebi metal reshe ne na kiɗan rok da ya tsiro a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, inda ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham take cikin waɗanda suka share masa fage. Kiɗa ne mai ƙara da kaushi, wanda jita mai lantarki ke jagoranta. Tun farko ido yana da rabonsa a cikinsa kamar yadda kunne yake da shi: baƙaƙen tufafi, dogon gashi, da jita mai tsini kamar makami.

Siffofi biyu da suka fi dacewa da wannan kwalliya sun girmi kiɗan kansa. A 1958 Gibson ya fito da Flying V mai kama da kan kibiya, da Explorer mai karkatattun kusurwoyi. A lokacin ba su samu masu saye ba, sai da makaɗan rok suka ɗauke su daga baya.

A nan Dean Zelinsky ya shigo. Matashi ne ɗan yankin Chicago da ya kafa kamfaninsa a rabin ƙarshe na shekarun 1970, tun bai kai shekara ashirin da ɗaya ba. Ya ƙera jitar V da jitar Z, waɗanda suka ɗauko zubin Flying V da Explorer, sannan ya haɗa siffofin biyu ya fitar da wata ta uku mai suna ML. Ya ɗora wa kowacce kai mai reshe biyu da tambari mai fikafikai, ta yadda ko daga bayan taron jama'a ana iya shaida ta.

Da wane irin talla Dean ya yi suna?

Zelinsky ya gane cewa mafi yawan masu karanta mujallun jita a wancan zamani samari ne. Sai ya riƙa cika shafukansu da hotunan mata sanye da kayan ninkaya suna riƙe da jitarsa. Tallan ya jawo ƙorafi, ya kuma jawo ciniki, har wasu kamfanoni suka bi sawu.

Tashar talabijin ta MTV da aka buɗe a 1981 ta ƙara masa kasuwa, domin ta mayar da kiɗa abin kallo. Jitocin nan masu lulluɓin farin gashi da 'yan ƙungiyar ZZ Top suke juyawa a bidiyonsu na 1984, Zelinsky ne ya ƙera su.

Sai dai yayi ba ya zama wuri ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980 hankalin makaɗa ya koma kan jitoci marasa nauyi irin waɗanda Eddie Van Halen ya yi suna da su, kasuwa ta koma hannun Kramer da Jackson da Ibanez. Zelinsky ya sayar da kamfaninsa, sunan Dean ya kusa ɓacewa daga shagunan Amurka. Da ƙungiyar Nirvana ta fito da kundinta Nevermind a 1991, samari suka juya wa ƙyale-ƙyalen metal baya gaba ɗaya, har Kramer ɗin ma ya durƙushe a wannan tsakani. A 1997 ne Elliott Rubinson, mai kamfanin Armadillo na jihar Florida, ya sayi sunan Dean ya farfaɗo da shi.

Ta yaya mutum ɗaya ya zama ginshiƙin kamfanin?

Darrell Abbott, wanda duniya ta sani da Dimebag Darrell, shi ne makaɗin jita na ƙungiyar Pantera ta Texas. Tun yana saurayi ya ci jitar Dean ML a wata gasa, kuma da shuɗiyar ML mai zanen walƙiya ya yi suna. Pantera na cikin ƙungiyoyin metal ƙalilan da suka bunƙasa a shekarun 1990, har kundinta na 1994 ya fara da hawa matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. A mafi yawan waɗannan shekaru da kamfanin Washburn yake da yarjejeniya, sai a ƙarshen 2004 ya dawo wa Dean.

Makonni kaɗan bayan haka, ranar 8 ga Disamba 2004, wani ɗan bindiga ya harbe shi har lahira a kan dandamali a birnin Columbus na jihar Ohio, yana da shekara 38. A shekarar da ta biyo baya Dean ya fitar da Razorback, jitar da suka tsara tare da marigayin. Daga nan aka yi ta fitar da jitoci masu ɗauke da sunansa, kala-kala, daga masu tsada da ake ƙerawa a birnin Tampa zuwa masu araha da ake yi a masana'antun Asiya.

Wannan ya kawo riba, ya kuma ɗaure kamfanin. A idon masu saye da yawa, Dean ya zama kamfanin Dimebag kawai. Shi kuwa mamaci ba ya fitar da sabon kundi, ba ya zagaye garuruwa, ba ya jawo sabbin masoya kamar yadda mai rai zai yi.

A 2021 aka yi wa Dean rashi biyu. A watan Fabrairu, Dave Mustaine na ƙungiyar Megadeth, wanda ya shafe fiye da shekara goma yana tallata Dean, ya koma Gibson. A watan Agusta kuma, masu kula da dukiyar Dimebag ƙarƙashin jagorancin Rita Haney suka sanar da raba gari da kamfanin, suka kuma maka shi a kotu bisa zargin saɓa yarjejeniya da rashin biyan haƙƙoƙi. Dean ya musanta zarge-zargen. Duk wannan ya faru ne shekara huɗu bayan rasuwar Rubinson, mutumin da ya ƙulla waɗannan alaƙoƙi tun farko.

Shin mutum zai iya mallakar siffa?

Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin shari'ar Gibson. Haƙƙin ƙirƙira yana ƙarewa bayan 'yan shekaru, amma alamar kasuwanci tana iya ɗorewa muddin jama'a suna danganta ta da mai ita. Idan kowa ya daɗe yana amfani da siffa har ta zama ta gama-gari, doka ba ta kare ta.

Gibson ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi a watan Mayun 2018, ya fito a ƙarƙashin kamfanin zuba jari na KKR. Sabbin masu shi sun ga cewa tsofaffin siffofinsa na cikin mafi darajar abin da suka saya, don haka a 2019 suka kai Armadillo ƙara. Hujjar Dean ita ce, shekara arba'in yana ƙera V da Z a bainar jama'a Gibson yana kallo, kuma kamfanoni da dama sun yi irinsu.

A 2022 masu taimaka wa alƙali suka ce Dean ya yi laifi, amma Gibson ma ya yi jinkirin neman haƙƙinsa, saboda haka dala 4,000 kacal aka ba shi maimakon miliyoyin da ya nema. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne umarnin da ya biyo baya, wanda ya hana Dean ƙera V da Z da tallata su da sayar da su. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, tana cewa an hana Dean gabatar da shaidar tsofaffin jitocin wasu kamfanoni. Da aka sake zama a 2025, Gibson ya sake yin nasara a kan Flying V da Explorer, ko da yake an ayyana siffarsa ta ES a matsayin ta gama-gari.

Kotuna ba su da baki ɗaya a kan wannan batu. A 2009 hukumar rajistar alamun kasuwanci ta Amurka ta hana Fender mallakar siffar Stratocaster da Telecaster. A 2019 kuma babbar kotun Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da siffar Flying V a matsayin alamar Gibson a kan jita. Ke nan, abin da yake halas a Jamus yana iya zama laifi a Texas, kuma wanda ya fi jure wa kuɗin lauyoyi shi ke da rinjaye.

Su wa ke sayen jita yanzu?

Ko da babu kotu, kasuwar da Dean ya saba da ita ta riga ta sauya. A 2017 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa cinikin jita mai lantarki ya sauko daga kusan miliyan ɗaya da rabi a shekara zuwa miliyan ɗaya da ɗoriya cikin shekara goma. A wannan shekarar ce kamfanin ƙididdiga na Nielsen ya nuna cewa hip-hop da R&B sun zarce rok wajen yawan masu saurare a Amurka.

Wani bincike da Fender ya fitar a 2018 ya nuna rabin masu fara koyon jita a Amurka da Birtaniya mata ne. Tallan da ya mayar da mace abin jingina jita ba zai sayar wa waɗannan komai ba, kuma tun a 2016 mujallar Guitar World ta daina sanya irin waɗannan hotuna a kundinta na kayan kiɗa. Fender ya bi wata hanya dabam: ya buɗe manhajar koyon jita a 2017, saboda ya lura mafi yawan masu farawa suna dainawa cikin shekarar farko.

Su kansu masoya metal sun sauya. Da yawansu a ɗaki suke kiɗa, a zaune gaban kwamfuta, inda jita mai siffar V take zamewa daga cinya. Abin da suke nema shi ne tsirkiya bakwai ko takwas da rashin nauyi, irin abin da kamfanin Strandberg na Suwidin ke yi. Masu jan ra'ayinsu kuma sun daina jiran kamfani ya ɗauke su talla. Ola Englund, wanda ya tara mabiya a YouTube, ya kafa Solar Guitars a 2017. Tosin Abasi na ƙungiyar Animals as Leaders, Ba'amurke ɗan asalin Najeriya, shi ma ya bar Ibanez ya buɗe nasa kamfanin. Shagunan da a da saurayi ke shiga ya ga Dean rataye a bango su ma suna raguwa: Sam Ash, mai shekara ɗari a kasuwa, ya rufe dukkan rassansa a 2024.

To jita ce take mutuwa, ko Dean ne ya tsaya?

Jita tana nan da ranta. A zaman kullen korona na 2020 Fender ya yi cinikin da bai taɓa yi ba. A Nijar, Bombino da Mdou Moctar sun ɗauko jita mai lantarki daga Agadez zuwa manyan dandamalin duniya, har aka sanya kundin Bombino cikin masu takarar kyautar Grammy ta 2019. Metal ma yana da kasuwa, kuma Jackson, wanda Fender ya saya a 2002, da ESP da Schecter suna ci daga cikinta.

Dean bai rufe ba. Yana da ML da tambarinsa mai fikafikai, yana kuma da Kerry King na ƙungiyar Slayer da ya koma wurinsa a 2019. Sai dai King ma ɗan zamanin 1980 ne, kuma masoyansa sun manyanta tare da shi. Harajin da gwamnatin Donald Trump ta ƙaƙaba wa kayan da ake shigowa da su daga Asiya a 2025 ya ƙara wa masu dogaro da masana'antun can nauyi.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Aikin da ke gaban Dean shi ne ya fito da siffar da babu lauyan da zai yi jayayya da ita, ya kuma samo matashin makaɗi mai rai wanda tsararsa za su so su riƙe irin jitar da yake riƙewa.