Mota mai fenti maras sheƙi: a kula da hannun mai wanki

'Yan'uwa fatake, motoci masu fenti maras sheƙi sun fara shigowa kasuwar Kwatano. Ni da na daɗe a harkar mota, na sha ganin wanki ɗaya ya karya wa irinsu daraja.

Fuskar fentin nan tana da ɗan kaushi da ido ba ya gani, shi ke warwatsa haske. Da zarar an shafa man sheƙi ko an dirje da ƙarfi, sai wurin ya yi sumul, ya riƙa ƙyalli kamar tabon mai a riga. Kuma ba ya komawa yadda yake, sai an sake fentin ɓangaren gaba ɗaya.

To, yaya za a yi? A fara kwarara ruwa ƙura ta sauka, musamman da hunturu. A ajiye bokiti 2: ɗaya na sabulun da aka yi don wannan fenti, ɗaya na ɗauraye tsumma. Ban da omo, ban da soso. A wanke a inuwa da tsumma mai laushi, a tsane ruwan da dannawa. Kashin tsuntsu kuwa, a jiƙa shi nan take kafin ya bushe.

Ku ja wa yaran wanki kunne tun kafin su ɗauki bokiti, domin mai saye da ido yake fara ciniki.