Malamin Gobe da Baƙin Intanet

Na gaji da jin maganar nan da ake yaɗawa, wai duk ɗalibin kwalejin ilimi da aka haɗa shi aiki da takwarorinsa na ƙasashen waje ta intanet, to an kama hanyar raba shi da addininsa da tarbiyyarsa. Abin ba ɓoyayye ba ne: malamai biyu a ƙasashe biyu su haɗa azuzuwansu na wasu makonni, ɗalibai su yi aiki guda tare. Tarayyar Turai ta fara irin wannan shiri mai suna eTwinning a 2005. Daga 2017 zuwa 2019 kuma, shirin EVALUATE, wanda Robert O'Dowd na Jami'ar Leon ta Sifaniya ya jagoranta, ya haɗa masu koyon malanta fiye da 1,000.

To, me ake tsoro? Ɗalibin da abokin aikinsa Bajamushe ya tambaye shi dalilin da ya sa ba zai halarci zaman ƙarfe biyu na ranar Juma'a ba, dole ya yi bayanin masallaci da huɗuba da bakinsa. Wannan ai ƙara riƙe nasa ya yi. Abin haushin ma, yaron da ake karewar nan, kwana yake a TikTok babu mai sa ido, ba wanda ya ce uffan. Sai da malami ya shigo da tsari da maki aka tuna da tarbiyya! Gobe kuma za a tura ɗalibin nan ya koyar a aji a Sabon Garin Kano ko Kaduna. Idan bai taɓa sanin cewa a wasu gidajen kallon babba ido cikin ido ba raini ba ne, ɗan wani zai sha bulala a banza.

Ban musa ba, matsalar wuta da tsadar data gaskiya ce.

Malaman kwaleji, kada ku sake ɗalibai su yi ta hirar abinci da tufafi; ku ba su aiki na gaske, kamar tsara darasi ɗaya tare. Ku yawaita saƙon rubutu da na murya, bidiyo na cinye data. Ku duba kalanda tun farko saboda azumi da hutun ɗaya ɓangaren. Idan saɓani ya taso, a kawo shi aji a tattauna, kada a binne. Kuma ba sai Turai ba: makarantun horar da malamai na Maraɗi da Damagaram suna nan kusa, tsarin karatunsu na Faransanci ne, amma Hausa ta ishe ku fara magana.