Daga Karar Dei-Dei Zuwa Rumbun Kanada

Kowane dillali a karar Dei-Dei ya sani, in aka dandaƙe sa, zafinsa kan kwanta. To, a 1941 Likita Charles Huggins na Amurka ya gano cewa in aka tsayar da sinadarin mazakuta, sankarar ƙullin ƙarƙashin mafitsarar namiji takan lafa. Amma fa lafawar ɗan lokaci ce, domin wani sa'in ƙwayar gadon da ke karɓar sinadarin kan rikiɗe, cutar ta sake tashi.

A shekarun 1990 masanan Jami'ar McGill ta Kanada suka sa bayanan waɗannan rikiɗe-rikiɗe a rumbun intanet. Abin takaici, wannan ce sankarar da ta fi kama mazan Nijeriya, alhali kuwa jinin Afirka bai taka kara ya karya ba cikin irin waɗannan rumbuna.