Kayan zaman cin abincin Sallah

A shirinmu na wannan mako mun taɓo tambayar da ke tasowa duk Babbar Sallah: me za a sa in za a je cin abinci gidan iyaye ko surukai?

Da farko, kayan Idi daban, kayan zaman tabarma daban. Farar shadda ta yi kyau a sahu, amma da an sauko sai yanka da fiɗa, a Maraɗi da Damagaram kuma ga hayaƙin banda har dare. Jini da maiƙo ba sa raga wa fari. To, a cire a ninke, a yi aiki da tsohuwar riga. In an gama a yi wanka, a sa kaftani mai duhu wanda hannunsa ba zai faɗa cikin miya ba. Wando ya zama mai faɗi, don zaman ƙasa ne.

Na biyu, gaban manya za a je. Namiji kar ya bar hula, mace ta yafa mayafi. Yaro ba ya fin maigida ado a gidansa.

Na uku, aljihu. Mai bin kasuwar Jibiya ko Illela ya san yadda yadi ke tsada gab da Sallah, ga canjin naira da sefa ba tabbas. Kai kuma makiyayi, kar ka sayar da karsana don gezna. Riga koɗewa za ta yi, karsana kuwa haihuwa. Ta bara, in an wanke an kai bugu, ta isa.

Allah ya maimaita mana.